Yaƙin da Gawa Ke Tashi Ta Karkaɗe Riga

Yau Amurka muka nufa, inda duk shekara malaman makaranta, direbobi, akantoci da 'yan fansho ke ɗaukar hutu, su sa kayan mutanen da, su fita bayan gari su maimaita yaƙe-yaƙen bakin iyaka da aka gwabza tsakanin sojoji, baƙi 'yan kaka-gida da ƙabilun da aka tarar a ƙasar. Ba wanda ya aike su, ba kuma mai biyan su ko sisi.

Kayan aiki

Ɗan sa-kai shi ke sayen komai daga aljihunsa, tun daga bindiga, riga, takalmi da tanti har man motar zuwa, kuma kafin ya haɗa shigar soja cikakkiya ya kashe fiye da dala 1,000. Kurtun da yake kwaikwayo kuwa, a shekarar 1876 dala 13 yake ɗauka a wata. Wahala ma ta yi tsada.

Masu otal, masu abinci da masu gidan mai na ƙananan garuruwan da ake bikin su ke ƙirga ciniki a ƙarshen makon, shi kuma mayaƙi ya kwana a ƙasa bisa ciyawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai 'yan ra'ayin riƙau da ke leƙa ramin maɓallin rigarka su gane ko da hannu aka ɗinka ko da keke, har su ƙirga sarar allura nawa ce a inci guda. Idan suka hango zif a wandonka, ka gama yawo a idonsu. Ko surukar tela albarka.

Sabon maɓallin tagulla ƙyallinsa ya yi yawa, don haka wasu kan jiƙa shi cikin fitsari ya kwana, ya dushe ya koma kamar ya ga jiya ya ga yau. In an yi maka tayin kofi a irin wannan tanti, ka ce kana azumi.

Masu maimaita yaƙe-yaƙen shekarun 1700 takalminsu ba dama ba hagu, domin a wancan zamani a kan ƙirar itace ɗaya ake ɗinka ƙafa biyun. Ƙafa ce ke koya wa takalmi hanya, bayan ta gama bororo.

Da yawa daga bindigogin da ake kare martabar Amurka da su a filin nan a Italiya ko Indiya aka ƙera su, rigunan soja masu sauƙin kuɗi kuma daga Pakistan ake kawo su. Kishin ƙasa, amma sai an biya kwastan.

Sojojin ainihi samari ne ramammu da suka sha tafiyar ƙasa, masu kwaikwayonsu kuwa galibi sun haura hamsin, ga furfura ga teɓa. Wasu kan shiga horon yunwa na watanni don su yi kama da tsofaffin hotuna. Tumbi dai bai san tarihi ba.

Buɗe akwatin katakon nan mai kama da gadon kaka da kakanni, kular roba ce a ciki maƙare da lemo mai sanyi. Ɗaga bargon ulu, katifar iska ce a ƙarƙashi. A bar kaza cikin gashinta.

Mai larurar ido kan nemo tsohon firam na tabarau a kasuwar kayan gwanjo, ya kai a sa masa gilashin zamani. Agogon hannu dole a cire shi, sai dai farin zoben da ya bari a wuyan hannu ba ya ciruwa. Rana ta riga ta ba da shaida.

Guzurin soja wani biskit ne na fulawa, ruwa da gishiri, da ake gasawa har ya ƙi tauna sai an jiƙa shi a kofi ko an farfasa shi da gindin bindiga. Likitocin haƙori na miƙa godiya.

A taron mafarauta da 'yan kasuwar fata na Fort Bridger a jihar Wyoming, da ake yi farkon Satumba, ƙa'ida ita ce shigarka da tantinka su zama irin na kafin 1840, wuta ma da ƙyastu ake hura ta. A irin waɗannan taruka maza na gasar jifa da gatari, mata na gasar jifa da kaskon suya. Magidanta kan koma gida da ladabi.

Yadda ake mutuwa

Babu harsashi ko ɗaya a filin: albarushi ne naɗe a takarda, a yage da haƙori, a zuba a bakin bindiga, a ɗana. Kafin a tashi leɓen kowa ya yi baƙi ƙirin. Ƙara da hayaƙi iya son ranka, jana'iza ce babu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga ranar hawan sallah a Kano ko Katsina ya san warin nan da toshewar kunnen nan, albarushin ɗaya ne. Bambancin kawai, a wajenmu in ta tashi guɗa ake yi, a can wani ne ke dafe ƙirji ya zube. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kafin a fita daga, jami'in tsaro na bin sahu yana sakin sandar ɗuri cikin kowace bindiga, in ya ji ta yi amo to ba komai a ciki. Daga nan ba mai sake zaro sandar, domin wadda aka manta a ciki tashi take yi kamar mashi. Rigakafi ya fi magani.

Ko da babu harsashi, tartsatsin albarushi na ƙona fuska, shi ya sa ake ɗaga bakin bindiga sama da kan abokin gaba, in an matso kusa kuma a daina harbi. Gwabzawa hannu da hannu sai waɗanda suka yi atisayenta tare tun jiya. Ƙiyayya da alƙawari.

Babbar matsalar masu shirya wasan ita ce ba mai son mutuwa da wuri. Mutumin da ya yi tuƙin awa goma ya sayi albarushi da kuɗinsa ba zai kwanta a minti na biyu ba. Sai ka ga an yi ta ɓarin wuta sahu da sahu, ba wanda ya ko tuntuɓe. Kowa ya sha maganin bindiga.

Don magance haka, a wasu wurare ana raba kati da safe, kowa ya ga ko zai tsira, ko rauni zai ji, ko mutuwa zai yi. A wasu kuma ana cusa wa mutum ƙullin albarushi mai launi daban a jaka, da ya zaro shi lokacinsa ya yi. Ajali a aljihu.

Gogaggen ɗan wasa ba ya faɗuwa kara zube: sai ya hango inuwa, ya duba babu kashin doki, a Teksas ya duba babu gidan jan tururuwa mai cizo, a Arizona babu ƙaya. Mutuwa rigar kowa, amma a nan sai an gwada ta zauna daidai.

Rigar ulu a zafin Yuni da Agusta ita ce abokiyar gaba ta gaskiya, shi ya sa ba a barin mutum ya shiga fili sai gorar ruwansa a cike. A manyan taruka mata na bin waɗanda suka faɗi da bokitin ƙanƙara suna zuba musu a hula. Gawa har da cewa a ƙara.

Kwanciyar rabin awa a rana ba wasa ba ce, don haka mamaci kan rufe fuska da hula, wani ya buɗe ido ɗaya ya sha kallon sauran yaƙin, wani ya zaro waya ya ɗauki hoto a sace. An sha jin minshari daga cikin waɗanda suka kwanta dama. Allah ya ba da barci mai daɗi.

Inda 'yan wasa suka yi ƙaranci, wanda aka kashe kan ja ciki ya ɓuya bayan kurmi, ya zagayo ya sake shigowa a matsayin gudummawa. Mutum ɗaya, ajali uku.

Sau da yawa kowa na son ɓangare guda, ɗaya ɓangaren ya rasa mutane, don haka masu dabara kan ajiye riga biyu a but ɗin mota. Da safe kana wannan runduna, da yamma kana harbinta. Masu sauya sheƙa, ga 'yan'uwanku.

Tunda muƙami a wajen tela ake samunsa, wasu ƙananan rundunoni kan wayi gari da hafsoshi sun fi kurata yawa. Masu ba da oda biyar, masu bi uku.

Igwa albarushinta a takardar alminiyom ake naɗe shi, kuma bayan kowane harbi sai an shafe cikinta da jiƙaƙƙen soso kada ragowar wuta ta tashi da hannun mai ɗuri. Da ta yi tsawa, jiniyar motocin da ke wurin fakin ta amsa gaba ɗaya. Ƙarni biyu sun gaisa.

Dawaki sai an horar da su su saba da ƙarar bindiga, wasu har toshe musu kunne ake yi da soso. Duk da haka akwai ranar da doki zai ga ya ishe shi, ya juya da janar a bayansa ya nufi inda harawa take. Doki bai karanta takardar shiri ba.

A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, kusan biyu cikin uku na sojojin da suka mutu cuta ce ta kashe su, gudawa da zazzaɓi a sahun gaba. Maɓalli an kwaikwaya, takalmi an kwaikwaya. Wannan kam ba mai sa kai.

Tambayar da 'yan wasa suka fi ba da labarinta ita ce ta ɗan kallon da zai tsaya a kan murhu, nama na soyuwa, ya ce wai wutar nan ta gaske ce? Sa hannu, malam, gani ya kori ji.

Wasu in sun sa kaya sun bar zamaninmu ke nan: ka tambaye su hanyar ban-ɗaki su amsa da Turancin kakanni, ka nuna musu waya su ja da baya suna neman tsari. Jirgin sama ya wuce ta kansu, ko ɗaga ido ba su yi. Mai barcin gangan ba ya jin tashi.

A ƙarshe begila ta busa, 'yan kallo su cire hula, sannan matattu su miƙe su karkaɗe ciyawa. Wanda ya kashe ka shi zai miƙo hannu ya tashe ka, ku wuce rumfar abinci tare. Da duk yaƙi haka yake, da an huta.

Dokar gwamnatin tarayya ba ta yarda a yi wasan harbe-harbe da faɗuwar gawa a filayen tarihin da ke hannunta ba, saboda girmama waɗanda suka mutu a wurin. Sai a matsa gonar maƙwabci ko filin jiha a yi abin a can. Yaƙi ma ya koma ɗan haya.

Uban tafiya: Little Bighorn

Ranar 25 ga Yuni 1876, a bakin kogin Little Bighorn da ke Montana, wani kwamandan sojan doki ya raba rundunarsa kashi-kashi ya afka wa sansanin Lakota da Cheyenne ba tare da ya san yawansu ba. Shi da mutum kimanin 210 da ke tare da shi ba wanda ya koma, jimillar sojojin da suka mutu ta haura 260. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Yanzu duk ƙarshen makon da ya fi kusa da ranar ana maimaita karawar Juma'a, Asabar da Lahadi. An ma shafe shekaru ana wasa biyu masu gogayya, ɗaya kusa da garin Hardin, ɗaya a bakin kogin. Bawan Allah, kisa biyu a yini.

Kwamandan yana da shekara 36 ya mutu, amma akwai masu fitowa a matsayinsa shekara da shekaru har sun girme shi nesa ba kusa ba. Ga shi ya tsufa a ƙarshe.

A 1876 'yan ƙabilar Crow na cikin 'yan leƙen asirin sojoji, domin Lakota abokan gabarsu ne da suka shigo musu ƙasa. Yau filin yana cikin yankin Crow, kuma samarinsu ne ke fitowa a matsayin Lakota suna kashe sojoji. Zamani riga ne.

Samarin nan ba sirdi ba likkafa suke ratsa kogi a sukwane, su kuwa masu shigar soja wasunsu sai sun biya kuɗin horon kusan mako guda kafin a yarda su hau layi. Tun daga zaman doki ɗan kallo ya san wanda zai ci.

A zane-zane za ka ga kwamandan da dogon gashi yana wulwula takobi, alhali ya yi aski kafin tafiyar, takubban rundunar kuma an bar su a baya cikin akwatuna. Wani kamfanin giya ne ya raba irin wannan hoto a mashaya tun 1896, ya zauna a kan jama'a. Tarihin da aka koya a mashaya dole ya yi tangaɗi.

Kusan huɗu cikin goma na rundunar baƙin haure ne, akasari daga Ailan da Jamus. Mai busa begilar da aka aika da saƙon ƙarshe ɗan Italiya ne da Turanci bai zauna masa ba, sai da aka rubuta masa a takarda, kuma aiken ne ya tsirar da shi. Ɗan aike ba ya mutuwa a gidan wani.

Sai da rundunar ta bar bariki ta yi zango a daji sannan aka biya albashi, don kada kuɗin su ƙare a mashayar gari. Da yawansu da kuɗin a aljihu suka mutu. Tanadin da bai yi rana ba.

An ruwaito wani jagoran Cheyenne da ya halarci yaƙin yana kwatanta tsawon karawar ƙarshe da lokacin da mayunwaci ke ɗauka ya cinye abincinsa. Wasan na yau kuwa sai an haɗa da jawabai, faretin tuta da sayar da hula. Mai ci ya gama, mai ba da labari na wanke hannu.

A 1890 aka kafa fararen duwatsu a duk inda soja ya faɗi, sai aka wayi gari da kusan 250 a fagen da mutum 210 suka mutu, domin an haɗa da na wani ɓangaren filin. Ko a nan ma an yi aringizon ƙuri'a.

Jajayen duwatsun da ke nuna inda mayaƙan Lakota da Cheyenne suka faɗi sai 1999 aka fara kafa su, wurin tunawa da su kuma aka buɗe a 2003. Sunan kwamandan da aka kayar ne a kan filin har zuwa 1991. Wanda ya ci yaƙi daban, mai alƙalami daban.

Gobarar daji ta 1983 ta share ciyawar filin, masu tonon tarihi suka bi da na'ura suka tsinto kwanson harsasai na bindigogi iri fiye da 40. Ashe mayaƙan da ake zanawa da kwari da baka da yawansu na riƙe da bindiga mai aman harsashi a jere, sojoji kuwa mai ɗuri ɗaya-ɗaya. Wuta ta yi aikin malami.

Wani doki mai suna Comanche da aka tsinta da raunuka an yi ta kiransa wanda ya tsira shi kaɗai, kamar dubban mutanen da suka yi nasara ba rayuka ba ne. An hana kowa hawansa, ya koyi shan giya a bariki, ya mutu a 1891, kuma har yau fatarsa na tsaye a cushe a wani gidan tarihi a Lawrence ta jihar Kansas. Fansho mai lasisi.

Labarin shan kashin ya isa biranen gabas ne a farkon Yuli 1876, daidai lokacin da ƙasar ke shagalin cika shekara 100 da 'yanci. Ana ga biki, ga takaici.

Tun a shekarun 1880 masu wasan dawaki suka fara yawo da wannan yaƙi a filayen kallo, har Ingila sun je a 1887, kuma cikin 'yan wasan akwai Lakota na ainihi. Faɗan da ya fi ƙarfinka, ka mai da shi wasa.

Ga Lakota da Cheyenne ranar nasara ce, suna zuwa bisa dawaki da waƙoƙinsu, duk da cewa shekara guda bayan nasarar aka ƙwace musu tsaunukan Black Hills. Shi ya sa ake ta muhawara kan Turawan da ke shafa fenti su sa gashin tsuntsu su fito a matsayinsu. Riga ana aro, kakanni ba a aro.

Sauran fagage

A San Jacinto kusa da Houston, ranar 21 ga Afrilu 1836, mayaƙan Teksas kimanin 900 suka faɗa wa sojojin Meksiko da la'asar suna hutawa, cikin minti 18 aka gama. Bikin tunawar yini guda yake ci. Neman wurin fakin ya fi yaƙin daɗewa.

Washegari aka kama shugaban Meksiko ɓoye cikin ciyawa da kayan ƙaramin soja, ba wanda ya gane shi sai da fursunoninsa suka miƙe suna gaishe shi da sunan muƙaminsa. Ladabi ya tona asiri.

Hasumiyar tunawa da wannan yaƙi ta kai kusan mita 173, ta ɗara ta birnin Washington da 'yan mitoci, kuma matatun mai ne kewaye da ita. Teksas ba ta son zama ta biyu ko a dutse.

A Alamo da ke tsakiyar San Antonio ana taruwa da asubar 6 ga Maris don tuna ƙarshen ƙawanyar kwana 13 ta 1836. Tozon nan na saman ginin da kowa ke ɗauka a hoto sai 1850 aka ƙara shi. Waɗanda suka mutu a ciki ba su taɓa ganinsa ba.

Rikicin Teksas ɗin kansa a kan aron igwa ya fara: gwamnatin Meksiko ta ba garin Gonzales wata 'yar ƙaramar igwa, a 1835 ta aiko a mayar, mutanen gari suka binne ta a lambu, daga baya suka tono ta suka harba wa masu karɓa. Duk Oktoba garin na bikin wannan. Ba da aro, ka sayi rigima.

A Blue Licks ta jihar Kentaki, ranar 19 ga Agusta 1782, mayaƙan sa-kai kimanin 180 suka tsallaka kogi suka faɗa kwanton ɓauna, cikin kusan minti 15 aka kashe wajen 70. Wata goma ke nan bayan rundunar Birtaniya ta miƙa wuya a Yorktown. Daji ba ya karanta jarida.

A Bushy Run ta Pennsylvania, a Agustan 1763, sojojin Birtaniya da aka ritsa sun jera buhunan fulawar da suke ɗauke da su suka yi ganuwa, washegari suka yi kamar sun gudu sannan suka juyo. Yaƙi ɗan zamba ne, fulawa ma ta yi soja.

Yaƙin Mississinewa a jihar Indiana cikin dusar ƙanƙarar Disambar 1812 aka yi shi, amma a Oktoba ake maimaita shi. Na Vincennes kuma a Fabrairun 1779 aka ratsa ambaliya mai sanyi har ƙirji, bikinsa sai ƙarshen Mayu. Son tarihi bai kai a kamu da mura ba.

A mashigin Picacho da ke tsakanin Tucson da Phoenix, waɗanda suka kara ranar 15 ga Afrilu 1862 duka-duka ba su kai 30 ba. Masu maimaita karawar sun sha ninka su. Ɗa ya fi ubansa.

A San Pasqual ta Kaliforniya, a Disambar 1846, ruwan sama ya jiƙa albarushin sojojin Amurka da ke kan gajiyayyun alfadarai, mahayan yankin suka bi su da dogayen masu. Da aka tsare su a kan tudu, alfadaran suka yanka suka ci. Abin hawa da safe, abin miya da dare.

Harbe-harben garin Tombstone na 26 ga Oktoba 1881 daƙiƙa 30 ya ɗauka, amma ana maimaita shi sau da dama kowace rana ga masu yawon buɗe ido. Garin Northfield na Minnesota kuwa fashin bankin da mutanen gari suka daƙile a 1876 yake wa biki duk Satumba. Kowane gari da abin alfaharinsa.

A 1913 tsofaffin sojojin yaƙin basasa fiye da 50,000 suka koma fagen fama na Gettysburg bayan shekara 50, wasu suka sake bin hanyar farmakin da aka kai a wancan yaƙi, da sanduna a hannu. Da suka isa katangar dutse, abokan gabar jiya suka miƙo hannu aka gaisa. Tsufa maganin zafin kai.

A Afirka ta Kudu ma ana yi: duk Janairu ana tuna Isandlwana, inda ranar 22 ga wata a 1879 dakarun Zulu suka murƙushe sansanin Birtaniya, aka kashe fiye da 1,300, rana kuma ta yi husufi ana tsakar fama. 'Yan sa-kai daga garin Dundee kan sa jajayen riguna su je a kashe su. Zuwa da kai ya fi aike.

A Jamus akwai dubban masu sha'awar rayuwar ƙabilun Amurka, suna kafa tantunan fata suna ɗinka duwatsun ado a ƙarshen mako, garin Bad Segeberg kuma na wasan bakin iyaka tun 1952. Marubucin da ya cusa musu wannan so bai taɓa taka yammacin Amurka ba. Ji ya kori gani.

A Alcoy ta ƙasar Sifaniya, duk Afrilu ana tuna faɗan iyaka na 1276 tsakanin Musulmi da Kirista: da safe wani ɓangare ya ci ganuwar katako, da yamma ɗayan ya ƙwace. Da dare kowa ya koma teburi ɗaya. Raba daidai, ba cuta ba cutarwa.

Gwarzonsu duka shi ne tsibirin San Juan, inda ranar 15 ga Yuni 1859 wani manomi Ba'amurke ya harbe aladen wani ɗan Birtaniya da ke tone masa dankali, har aka jibge sojoji da jiragen ruwan yaƙi. Rundunonin biyu suka zauna shekara 12 suna gayyatar juna walima, sai 1872 sarkin Jamus ya raba gardama, kuma duk bazara 'yan sa-kai na kafa sansani don tunawa. Gurbin mutuwa ɗaya ne tak a wasan, shi ma sai mai ƙafa huɗu.